Amsa ga ƙanwata mai shirin intabiyun aikin jinya a Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Na ga saƙonki cewa wani asibitin hukumar lafiya ta NHS ya gayyace ki intabiyu ta bidiyo kan gurbin ma'aikaciyar jinya, kina kuma tambayar irin shigar da za ki yi da irin Turancin da zai burge su. Allah ya sa alheri. Batun shiga ba shi da wuya: ki sa tufafi masu tsabta marasa yawan ado, hijabinki kuma ba zai hana ki komai ba, domin dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta nuna bambancin addini wajen ɗaukar aiki. Turanci kuwa, jarrabawar IELTS ko OET ce ke auna shi, babu wanda ke jiran ki yi magana ta hanci. Ki dai rage sauri, ki fitar da kalmominki sosai.

Abin da ya fi cancantar ki ba shi lokacinki shi ne yadda ake yanke hukunci. Yawanci mutum biyu ko uku ne ke zama, suna yi wa duk masu nema tambayoyi iri ɗaya, kowace amsa kuma maki ake ba ta a rubuce. Tambayoyin daga takardar sharuɗɗan aikin da aka haɗa da tallar gurbin ake ciro su, saboda haka ki karanta ta layi bayan layi. Abin da ba ki faɗa da bakinki ba, ba za a rubuta shi ba, komai yawan shekarun da kika yi kina kwana a ɗakin marasa lafiya. A nan ne tarbiyyarmu ke jawo mana asara, domin an raine mu da kunya da kawaici, an kuma koya mana cewa yabon kai jahilci ne, har ya zama idan an tambayi ɗayanmu abin da ta yi sai ta sunkuyar da kai ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya taimaka. Amsa ce ta mutunci a gida, amma a gaban wannan kwamiti ba ta da abin da za a ɗora maki a kansa.

Ba cika baki nake nufin ki yi ba, labari nake so ki bayar. Ki tanadi al'amura huɗu ko biyar da suka faru a hannunki, ki tsara kowanne a kan halin da ake ciki, da nauyin da ke kanki, da matakin da ke da kanki kika ɗauka, da yadda aka ƙare. Idan yaro ne aka kawo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana jijjiga, ki faɗi abin da kika fara dubawa, da lokacin da kika kira likita, da yadda kika kwantar wa mahaifiyarsa hankali, da abin da kika rubuta a fayil. Ma'aikaciyar da ta riƙe ɗaki cike da majinyata da ƙarancin kayan aiki tana da labaran da suka fi na da yawa daga cikin abokan takararta, in dai ta yarda ta ba da su.

Ki sa ran tambayoyin da za su taɓa al'adarmu kai tsaye. Za su iya cewa likita ya rubuta maganin da kika ga adadinsa ya wuce ƙa'ida, me za ki yi? Suna so su ji cewa ba za ki bayar ba, za ki tunkare shi cikin ladabi, ki sanar da shugabar ɗakin, ki kuma rubuta rahoto, ko da ya girme ki nesa ba kusa ba. Haka nan a nan Ingila baligi mai cikakken hankali shi ke ba da izinin a yi masa magani, ba miji ko uba ba, kuma ba a gaya wa dangi ciwonsa sai da yardarsa. Ki kuma karanci ma'aunin NEWS2 da ake gane majinyacin da jikinsa ke rikicewa da shi, wanda ke haɗa numfashi, iskar oksijin a jini, awon hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki da yanayin hayyaci: maki 5 na nufin a nemi likita da gaggawa, maki 7 kuwa a kira tawagar ceto. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, sannan ki bayyana wanda za ki tambaya.

A kula da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da Najeriya, sauran watannin kuwa kun riga mu da awa ɗaya. Ki cika cajin kwamfuta, ki tanadi layin intanet na biyu, ki gwada manhajar kiran bidiyo ta Microsoft Teams tun ana gobe, ki nemi ɗakin da ƙarar janareto ba ta isa. Idan kina magana, kyamara za ki kalla, domin kawar da ido da muke ɗauka ladabi su rashin tabbas suke ɗaukarsa.

A ƙarshe za su ba ki damar tambaya, kada ki ce ba ki da ita. Ki tambayi horon da suke bayarwa kafin jarrabawar OSCE ta gwada aikin jinya a aikace, wadda sai kin iso za ki yi ta kafin NMC, hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya, ta yi miki rajista, da albashin da za a biya ki kafin ki ci ta, da kuɗin da za a nemi ki mayar idan kin bar aikin da wuri. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka hana dillalai zuwa farautar ma'aikatan lafiya, amma an yarda mutum ya nema da kansa kamar yadda kika yi, don haka duk wanda ya nemi kuɗi a hannunki da sunan sama miki gurbin ko takardar ɗaukar nauyi ta neman biza, kada ki tura masa ko kwabo. Ki gaishe min da su Umma, ki kuma turo min takardar sharuɗɗan mu bi ta tare kafin ranar.