Amsa ga 'yata a kan tulun Inna da rashin barci

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, saƙonki ya iso ni, kuma na karanta shi har sau biyu. Kin tambaye ni dalilin da ya sa kakarki Inna, Allah ya jiƙanta, take ɗibar cikin hannu ɗaya daga awon kowace rana ta zuba a tulun da ke ƙarƙashin gadonta, ko camfi ne ko kuwa yana da tushe. Can ƙarshen saƙon kuma kin ce tun da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a 2023, sai ki raba dare ido biyu kina lissafin cefane. A ganina tambayar ɗaya ce, don haka zan haɗa su in amsa.

Babu camfi a cikin tulun nan ko kaɗan. Ina yarinya aka yi farin 1973, kuma ba zan manta da ranar da mahaifinmu ya leƙa rumbu ya sauko bai ce wa kowa uffan ba. Da magariba Inna ta durƙusa ta jawo tulun, ta ɓamɓare laƙar da ta liƙe murfinsa da ita, ta auno gero a ƙaramar ƙwarya ta dama mana kunun kanwa. Da wannan kunu muka riƙa karyawa har Allah ya kawo mana ɗauki. Cikin hannu ɗaya ba ya rage auki a tukunya, babu wanda ya taɓa tashi daga akushi ya ce tuwon yau ya gaza, amma idan aka jere watanni ana yi sai ya zama abin rufin asiri. Abin da iyayenmu suke kira tsimi da tanadi ke nan.

Amfaninsa na biyu, wanda sai da na yi aure na gane shi, a zuciya yake. Inna takan ce damuwa iri biyu ce: akwai wadda hannu yake kaiwa gare ta, akwai wadda ta fi ƙarfin hannu. Ta farko a tashi da sassafe a yi mata aiki, domin da sanyin safiya ake kama fara, ta biyu kuwa a bar wa Mai Sama, tun da bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Farashin kasuwar Dawanau ba a hannunki yake ba, kuma ko kin kwana kina juyi a kan shimfiɗa ba zai sauko da kwabo ba. Wannan bai saɓa wa addini ba, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali, kuma shi ne ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Ki riƙe wannan addu'a safe da yamma.

To, ga abin da hannunki yake kaiwa. Ki zauna da maigidanki ku daidaita a kan sayen hatsi da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da manoma suke fitar da amfani, domin daga Yuli zuwa Agusta abinci ya fi tsada. Ko adashi za ki shiga, ki nemi kwasarki ta faɗo a wannan lokaci. Wake ne ya fi ba mata ciwon kai, saboda ƙwarinsa tun daga gona suke biyo shi. Ki shanya shi a rana mai zafi har sai kin ciza kin ji ya fashe ƙaras, ki bari ya huce, sannan ki cika jarka mai tsabta har wuya, ki sa leda a bakin ki murɗe murfin sosai. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin za su mutu da kansu. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake sayarwa yanzu ma da wannan dabara yake aiki. Inna da tankaɗaɗɗiyar toka take cuɗa nata, wani lokaci ta jefa busasshen barkono, gero kuma ta sa masa busasshen ganyen darbejiya. Abin da na hana ki, kuma da babbar murya, shi ne zuba maganin feshin gona a cikin abin da yaranki za su ci, ko da kin ga maƙwabta suna yi.

Kayan miya ba sa buƙatar dogon bayani. Idan tumatirin rani ya cika kasuwa da sanyi, ki yanka ki yi kauɗa a kan tabarma mai tsabta, haka kuɓewa da tattasai, ki adana inda raɓa ba ta kaiwa. Ranar da tumatir huɗu zai gagari mutane a farkon damina, ke jiƙawa kawai za ki yi ki kai niƙa.

Akwai wata magana da nake so ki yi hattara da ita. Za ki ji manya suna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma gaskiya ne, mace ba ta tallan sirrin gidanta a gidan biki. Amma na ga mata da yawa sun fake da wannan magana sun haɗiye abin da yake cin su har hawan jini ya kwantar da su, alhali Hausawan da suka faɗe ta su ne suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki faɗa wa maigidanki yadda kuɗin cefane yake ƙarewa, da lissafi, cikin ladabi, a lokacin da ya ci ya huta. Idan kuma rashin barcin ya ɗauki makonni, ko kina jin bugun zuciya da ciwon kai, ki je asibiti a auna jininki, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Tulun Inna yana nan a ɗakina, bakinsa ya ɗan ɓare amma bai tsage ba. Idan kun zo da Sallah ki tuna mini in ba ki shi, tare da waken da na ware miki. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Gwaggonki.