Jirgin ƙarƙashin teku mai ɗaukar jirgin sama: an taɓa yi?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne an taɓa ƙera jirgin ƙarƙashin teku da ke harba jirgin sama. Ƙwarai kuwa.

Ingila ta gwada da wani jirgin ƙarƙashin teku mai suna M2, sai dai a 1932 ya nutse da mutum 60. Ana kyautata zaton ruwa ne ya shiga ta ƙofar ɗakin da ake ajiye jirgin saman. Japan ce ta fi kowa nisa a harkar. A Satumban 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙi Nobuo Fujita ya tashi daga jirgin ƙarƙashin tekun Japan mai suna I-25, ya jefa bama-baman ƙona daji a jihar Oregon ta Amurka. Dajin na da laima, wutar ba ta yi tasiri ba.

Uban gayyar shi ne I-400, tsawonsa kusan mita 122, yana ɗauke da jiragen sama uku ƙirar Seiran, fukafukansu a naɗe cikin wani dogon bututu. Sai an taso saman ruwa a fito da su, a miƙe fukafukai, a harba, kuma a wannan lokacin jirgin tsirara yake a idon maƙiya. An shirya I-400 da ire-irensa su kai wa Mashigin Panama hari, aka canza zuwa Ulithi, wasu tsibirai a tekun Pasifik inda jiragen ruwan yaƙin Amurka ke taruwa a lokacin, yaƙi ya ƙare suna hanya. Amurka ta nutsar da I-400 kusa da Hawaii a 1946.