Tambayoyinku kan Fasaha: Fodkas da Ƴar MP3 ta Aljihu

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam ina son sauraron fodkas na fasaha, wato shirye-shiryen murya irin na rediyo da ake saukewa ta intanet, amma data na cinye min kuɗi, ga shi Google Podcasts da na saba da ita ta daina buɗewa. Wayata ce ta samu matsala?

Amsa: Ɗan uwa wayarka lafiyarta ƙalau, Google ne da kansu suka rufe manhajar a 2024 suka ce jama'a su koma YouTube Music. In dai data ce damuwarka ni ba can zan tura ka ba. Ka sauke AntennaPod a Play Store, kyauta ce kuma ita kanta ba ta sa talla, sannan za ka iya saita ta yadda ba za ta sauke komai ba sai ka hau wifi, ko kuma ka bari sai dare ka yi amfani da datar dare mai araha ka tara na sati guda. Ga lissafin: shirin awa ɗaya a 128kbps (ma'aunin ingancin sauti) bai wuce 58MB ba, in 64kbps ne rabin haka, kuma ga hira zalla wallahi kunnenka ba zai ji wani bambanci ba. Bidiyon hirar nan ɗaya a YouTube sai ya ninka wannan sau da yawa, alhali mutum biyu ne kawai zaune gaban makirfo suna magana.

Waɗanda za ka fara da su kuwa, akwai Waveform na Marques Brownlee in wayoyi ne sha'awarka, sai Darknet Diaries na Jack Rhysider da ke ba da labaran kutse da damfarar intanet, shi na fi so don yana sa mutum ya shiga taitayinsa da fasuwod ɗinsa. Turancinsu na gudu, to ka rage saurin zuwa 0.8 a manhajar. Abin da ke damuna da yawancinsu shi ne da ɗan Amurka suke magana, a kwashe awa ana musu kan wayar dala dubu, ba mai tuna wanda ke riƙe da Tecno ko Itel yana neman inda zai yi caji. Wannan giɓin namu ne, matasanmu masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san abin da zai cika shiri ɗari da Hausa, ina ma su fara.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Ina so in saya wa mahaifiyata ƴar MP3 don karatun Alƙur'ani da tafsiri, ƙanena ya ce an daina yayinta, wai in saya mata waya kawai.

Amsa: Malama ƙanen naki yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Sony ta fito da Walkman mai kaset a 1979, Apple ta kawo iPod a 2001 mai 5GB da ke ɗaukar waƙa 1,000, kuma a 2022 Apple ɗin ta daina yin iPod gaba ɗaya saboda waya ta haɗiye aikinsa. Amma ga Hajiya ni MP3 ɗin zan zaɓa ba ko tantama. Tana riƙe caji sosai tunda ba babban sikirin da ke shan batir, ba kira da zai katse mata karatu a tsakiyar aya, kuma maɓallanta na dannawa ne, ko ba ta saka tabarau ba za ta laluba ta gane. Ki duba abu uku kafin ki biya: tana da wurin saka memori, tana da sifika a jikinta, sannan in an kashe an kunna tana ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan na ƙarshen ki gwada shi a shagon da idonki, don tafsirin awa biyu in kullum sai ya koma farko Hajiya za ta gaji ta ajiye ta.

Memori kuma kar ki wuce 32GB, da yawa daga ƙananan nan tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, wato tsarin ajiye fayiloli da memorin da bai wuce 32GB ba ke zuwa da shi. Ki yi hattara da jabu, ana rubuta 32GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba, sai an cika shi fayiloli su fara lalacewa. Ki sa mai turi ya zuba miki a gabanki, ki buɗe surorin ƙarshe ki ji suna yi. Tsohon iPod na gwanjo kuwa ki bar shi, batirinsa ya tsufa, ba ya ɗaukar memori, kuma sai da kwamfuta ake zuba masa abu.

Tambaya daga wani a Kaduna: na'urorin sauraron waƙa masu tsadar nan irin Walkman na zamani ko na kamfanin FiiO sun fi waya sauti da gaske?

Amsa: Sun fi, amma sai kana da iyafis mai kyau da fayil mai inganci irin FLAC. In waƙoƙin da aka turo ma ta Xender ne kake ji da iyafis ɗin bakin titi, kuɗinka kawai za ka zubar. Fara sayen iyafis na kirki mai waya, in wayarka ba ta da ramin saka shi ka haɗa da ƴar adaftar USB-C, ka saurara wata ɗaya tukuna ka ga ko har yanzu kana buƙatar wata na'urar.