Tambaya da Amsa: Shin waya za ta iya gano abin da ke kuka a tayar baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla da nake zirga-zirga da ita tsakanin Garwa da Marwa. Tun bayan damina nake jin wani gurnani daga baya, yana ƙaruwa in na ƙara gudu. Wani makanike ya ce boris ne (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa), wani ya ce taya ce. Na turo maka ƙarar ta WhatsApp. Akwai manhajar da za ta raba mana gardama? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na saurari saƙon, amma iska da muryar wanda ke kusa da kai kawai na ji. Ba laifinka ba ne. Makirufon waya da saƙon murya na WhatsApp an tsara su ne don maganar mutum, gurnani mai kauri irin wannan kuwa sukan ɗauke shi a matsayin hayaniya su danne shi. In za ka sake ɗauka, yi bidiyo da kyamarar wayar, a rufe gilasai, a kashe rediyo da iyakwandishan, wani ya zauna a baya ya riƙe wayar kusa da ƙasan kujera. Kai tuƙi ne aikinka.

Manhaja akwai. Spectroid a wayoyin Android tana zana ƙara a fuskar waya, za ka ga layin gurnanin yana hawa in gudu ya ƙaru, yana sauka in ka rage. Sai dai iyakar abin da za ta tabbatar maka shi ne ƙarar tana bin juyin taya. Taya mai lamba 195/65 R15 tana juyawa kamar sau 8 a daƙiƙa ɗaya in kana kan kilomita 60 a awa, kuma boris da tayar tare suke wannan juyin. Don haka manhajar ba za ta ce maka wanne ne mai laifi a cikinsu ba.

Ga yadda ake raba su. Samu kwalta mai kyau inda babu cunkoso. In gurnanin ya fito, saka motar a firi ba tare da ka kashe inji ba, domin birki da sitiyari suna buƙatarsa. In ƙarar ta ci gaba yadda take, inji da salansa sun fita daga zargi. Sannan ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. Kwanar hagu tana jefa nauyin mota a kan tayoyin dama. In kukan ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne, in kuma a kwanar dama ya ƙaru, duba na hagu. Kukan taya bai cika damuwa da kwana ba, shi da irin hanya yake canzawa: ya yi ƙarfi a kan kwalta mai kaushi, ya lafa a kan mai santsi.

Ni dai da taya nake farawa, don gwajinta ba ya cin kuɗi. Shafa tafin hannunka a kan haƙoranta zagaye. In ka ji tudu da kwari, tayar ta ci ba daidai ba, kuma sau da yawa mataccen shokozoba ne ya jawo, ga ramukan hanya, ga lodin buhunan albasa da ake yi wa ƙananan motoci daga Marwa. Ka sa mai faci ya mayar da tayoyin baya gaba. Ƙarar ta koma gaba, to taya ce. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayoyin gwanjo da yawa haƙoransu na nan, amma robar ta tsufa ta bushe.

In ƙarar ba ta motsa daga baya ba, a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau. Riƙe tayar sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ta yi lilo ba. Sai wani ya juya ta da hannu, kai kuma ka dafa sifirin. Lalataccen boris za ka ji kaushinsa yana bi ta ƙarfen zuwa hannunka. Zancen damina da ka kawo ya sa na fi karkata ga boris, domin ratsa ruwan mayo (wato rafi) da yashi yana shigar da ruwa cikinsa ya lalata giris. Amma karkata ce kawai, a gwada tukuna kafin ka sayi komai.

In ya tabbata shi ne, kada ka ɗauki hanyar kilomita kusan 200 da shi. Boris da ya ƙare yana iya yin zafi ya cije, ko taya ta saki.

Tambaya: Na sayi na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Hilux ɗina na kuka daga baya, amma ba ta nuna komai. Jabu ce? Daga Injamena.

Amsa: Ba lallai ba, Alhaji. Na'urar tana karanta abin da kwamfutar mota ta sani ne, kuma masu arha yawanci a kan inji suke tsayawa. Boris ba ya aika wa kwamfuta rahoto, sai in lalacewarsa ta taɓa na'urar auna gudun taya har fitilar ABS, wato ta tsarin da ke hana birki cije taya, ta kama. Kuma Hilux da tayoyin baya take ja, don haka ka lura: in kukan yana canzawa tsakanin taka totur da sakinsa, a buɗe a duba man difarenshal da ke tsakiyar aksul ɗin baya kafin a taɓa taya.