Zauren Masu Karatu: Takarda ce ke cinye dazuzzukan duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce, kuma ina yawan ganin an rubuta a ƙasan saƙonnin imel cewa kada a buga su a takarda domin a ceci bishiyoyi. Su kuwa kamfanonin takarda cewa suke yi abin da suke dasawa ya fi abin da suke sarewa. Wace magana zan faɗa wa ɗalibaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kowace daga cikin maganganun nan biyu tana da rabon gaskiya, amma babu wadda ta isa a koyar da ita ita kaɗai. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa daga 2015 zuwa 2020 duniya tana asarar kimanin hekta miliyan 10 na daji a kowace shekara, kuma binciken da hukumar ta yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ɗora kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan asara a kan faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo. Saboda haka takarda ba ita ce kan gaba ba wajen ɓarnar daji. Sai dai wannan bai wanke ta ba, domin maganar "mun dasa fiye da abin da muka sare" tana lissafin yawan bishiyoyi ne kawai, ba ta faɗin abin da ke tsaye a filin kafin a yi dashen.

A nan gizo ke saƙar. Daji na asali ya ƙunshi ire-iren bishiyoyi masu yawa, manya da ƙanana, tsofaffi da masu tasowa, har da matattun kututture da tsuntsaye da ƙwari da namun daji ke rayuwa a kansu. Gandun da kamfani ya dasa kuwa yawanci iri ɗaya ne, an jera shi sahu-sahu, an dasa shi lokaci ɗaya, za a kuma sare shi lokaci ɗaya. Wannan gona ce ta itace, kuma babu aibu a cikinta idan an yi ta a filin da ya riga ya gaji ko aka daɗe da share shi. Aibun yana zuwa ne idan an kwantar da daji na asali aka maye gurbinsa da ita, sannan aka ce ba a rasa komai ba tun da kore ya maye gurbin kore.

Abin da ya faru a tsibirin Sumatara na Indunisiya, musamman lardin Riau, ya isa misali. An kwashe shekaru ana sare dazuzzukan da damisa da giwa ke zaune a ciki ana kai wa masana'antun markaɗa itace domin yin takarda, sannan a dasa bishiyar akeshiya. Mafi muni shi ne yawancin wuraren dausayi ne mai zurfi, inda ruɓaɓɓun ganye da saiwoyi suka yi dubban shekaru suna taruwa cikin ruwa. Kafin a yi dashe sai an haƙa magudanai an tsane ruwan, kuma da zarar irin wannan ƙasa ta bushe sai ta dinga sakin iskar kabon, ta kuma zama makamashi da wuta ke ci ta ƙarƙashi makonni ba a iya kashe ta. Gobarar 1997 da ta 2015, waɗanda hayaƙinsu ya turnuƙe Singafo da Maleshiya har aka rufe makarantu, sun fi tsanani ne a irin waɗannan wurare, ko da yake gonakin kwakwar manja ma suna da nasu kason na laifin. Bayan matsin lamba daga masu fafutukar kare muhalli da kuma masu sayen kaya, kamfanin takarda na Asia Pulp & Paper ya yi shelar daina sare daji na asali a watan Fabrairun 2013. Alƙawarin abin a yaba ne, amma dajin da ya riga ya tafi bai dawo ba.

A wasu ƙasashen damuwar daban ce. A Burazil bishiyar turare tana isa sara cikin kimanin shekaru 7, shi ya sa ƙasar ta zama babbar mai fitar da markaɗen itace, alhali a Finlan da Suwidin sai bishiya ta yi shekaru 60 zuwa 100. Bishiyar da ke girma da sauri haka tana shan ruwa da yawa, kuma Afirka ta Kudu ta ɗauki wannan da muhimmanci har dokarta ta ruwa ta 1998 ta sanya gandun kasuwanci cikin ayyukan da ke rage ruwan rafuka, sai da lasisi ake yin sa. A ganina wannan doka ta fi yawancin taken da ake bugawa a jikin kwali amfani.

Game da tambarin FSC da za ki gani a bayan wasu littattafai, ƙungiya ce da aka kafa a 1993 domin tantance yadda ake kula da dajin da itacen ya fito, akwai kuma takwararta PEFC da ta biyo baya a 1999. An sha sukar su kan raunin bincike a wasu wurare, kuma sukar tana da tushe, amma takardar da za a iya bin sawunta har zuwa dajin da ta fito ta fi wadda ba a san asalinta ba. Ki koya wa ɗalibanki su tambayi daga ina itacen ya fito, da kuma abin da ke wurin kafin a dasa shi.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Na karanta cewa masana'antun takarda suna wari kuma suna gurɓata koguna. Mene ne a cikin itace da zai jawo haka?

Amsa: Ɗana, itace zaruruwa ne da wani irin danƙo mai suna lignin ya liƙe su wuri guda, kuma sai an raba su kafin a sami takarda. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira kraft, ita ce a dafa gutsattsarin itace a cikin soda mai ƙarfi haɗe da sinadarin sulfa har danƙon ya narke. Sulfar nan ce ke fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kusan rabin itacen ne kawai ke zama markaɗe, sauran kuma yana fita a matsayin wani baƙin ruwa mai kauri, wanda masana'antun zamani ke ƙonawa su sami tururi da wutar lantarki, su kuma dawo da sinadaransu su sake amfani da su.

Babbar illa ga koguna ta fito ne daga wanke markaɗen domin ya yi fari. A shekarun 1980 aka gano cewa yin amfani da iskar kilorin zalla yana haifar da dayokzin, guba mai taruwa a jikin kifi da na mai cin kifin, wadda ba ta saurin lalacewa. Tun daga nan yawancin masana'antu suka koma wani haɗin kilorin da iskar oksijin mai ƙarancin illa, wasu kuma suka bar kilorin gaba ɗaya. An sami ci gaba na haƙiƙa, amma tsoron jama'a bai gushe ba. Lokacin da kamfanin Botnia na Finlan ya gina masana'anta a Fray Bentos, a bakin kogin da ya raba Yurugwai da Ajantina, mutanen ɗaya gaɓar sun daɗe suna toshe gada, har maganar ta kai Kotun Duniya. A 2010 kotun ta yanke cewa Yurugwai ta saɓa ƙa'idar sanar da maƙwabciyarta, amma ba a tabbatar da gurɓatar da za ta sa a rufe masana'antar ba.

Tambaya: Me zai hana a daina sare bishiyoyi gaba ɗaya, a dinga sake sarrafa tsohuwar takarda kawai?

Amsa: Abin da ya hana shi ne zaren kansa. Duk lokacin da aka jiƙa takarda aka sake dama ta, zaruruwan suna gajarta suna yin rauni, kuma bayan kamar sau 5 zuwa 7 ba sa iya riƙe juna. Ga kuma takardar da ba ta dawowa, kamar ta bayan gida da wadda maiƙo ya ɓata. Ko a Turai, inda ake sake sarrafa kimanin kashi 70 cikin ɗari na takardar da aka yi amfani da ita, dole ne sabon zare ya riƙa shiga. Duk da haka sake sarrafawa yana rage itace da makamashin da ake buƙata, yana kuma hana takarda ruɓewa a juji tana fitar da iskar methan mai ɗumama yanayi. Ya fi dacewa da kwali da takardar jarida, kuma yana yin kyau ne idan an ware takardar tun daga gida ko ofis kafin ta gauraya da ragowar abinci.