Tambaya da Amsa: Wace Kalmar Sirri Ce Ke Kare Kwamfutar Tafi-da-gidanka?

Tambaya: Malam, ina yawan tafiya da kwamfutata, kuma a cikinta akwai takardun mutanen da nake yi wa aiki. Na sa kalmar sirri a Windows, amma an ce mini sai na ƙara ta BIOS da ta faifan ajiya. Shin hakan wajibi ne?

Amsa: Malama, wanda ya ba ki shawarar ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Kalmar sirrin Windows ita kaɗai ba ta tsare takardunki, domin ɓarawo yana iya tayar da kwamfutar daga filas mai ɗauke da wata manhaja, ko ya kwance faifan ya jona shi a wata kwamfutar ya karanta komai.

A cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, wanda ake shiga ta danna F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a ThinkPad da zarar an kunna, akwai kalmomin sirri iri uku. Ta farko, wato kalmar tashi, tana hana kwamfutar tashi sai an shigar da ita. Ta biyu, ta mai kula, tana hana a sauya saituna, kuma idan an rufe hanyar tayarwa daga filas a saitunan, ita ce ke hana a sake buɗe ta. Dukansu biyu na'urar suke tsarewa. Da an cire faifan, amfaninsu ya ƙare. Ta uku ce ke zaune a cikin faifan kansa, ta bi shi duk inda aka kai shi, shi ya sa ta fi sauran ƙarfi. Duk da haka, a faifai da yawa ƙofa kawai take kullewa, bayanan suna nan yadda aka rubuta su. Ko faifan da ke juya bayanai zuwa rubutun sirri da kansa ba a sakankance da shi ba, domin a 2018 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna yadda ake buɗe wasu faifan SSD na Crucial da Samsung ba tare da sanin kalmar sirri ba.

Saboda haka, abin da na fi so ki fara yi shi ne kunna BitLocker idan Windows ɗinki Pro ce, ko FileVault idan Mac ce, ko ki sauke VeraCrypt wadda kyauta ce. Waɗannan suna mayar da duk abin da ke faifan rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. BitLocker zai ba ki mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ki rubuta shi a takarda, kada kuma ki ajiye takardar a jakar kwamfutar. Bayan nan ki sa kalmar sirrin mai kula da kuma kalmar tashi a BIOS. Ki guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ, tunda BIOS ba ya karɓarsu. Idan za ki yi tafiya, ki kashe kwamfutar gaba ɗaya, domin yawancinsu ba sa sake tambayar kalmar tashi idan murfin kawai aka rufe.

Mantuwa a nan tana da tsada ƙwarai. Lenovo, kamfanin da ke ƙera ThinkPad, ya bayyana cewa wanda ya manta kalmar mai kula a ThinkPad sai an sauya masa babban allon cikin kwamfutar, wanda ya manta ta faifai kuma sai dai ya sayi sabon faifai, bayanansa sun tafi. Ki tanadi kwafin takardunki a wani wuri tun kafin ki kulle komai.

Tambaya: Zan sayi kwamfuta ta hannu mai araha, amma BIOS ɗinta a kulle yake. Mai sayarwa ya ce cire ƙaramin batirin ciki zai goge kalmar sirrin. In saya?

Amsa: Malam, kada ka saya a haka. Dabarar cire batiri tana aiki a tsofaffin kwamfutocin tebur, amma kwamfutocin tafi-da-gidanka na zamani, musamman waɗanda aka ƙera domin ma'aikatu, suna ajiye kalmar a wurin da yankewar wuta ba ta shafe shi. Kuma rashin sanin kalmar yana sa a yi shakkar inda kwamfutar ta fito. Ka ce masa ya cire kowace kalmar sirri a gabanka, ka kashe ka sake kunnawa, ka shiga BIOS da hannunka ka ga saitunan suna sauyuwa, sannan ka biya kuɗi.