Shugaban ƙasar Biyetnam ba irin namu ba ne

Ƙanena, ka ce kana shirin zuwa karatu Hanoi, babban birnin Biyetnam, kuma ka ga an yi ta sauya shugaban ƙasa, kana tsoron ko rikici ne ake ɓoyewa. Kwantar da hankalinka. A nan wuƙa da nama suna hannun Babban Sakataren Jam'iyyar Kwaminis ne, domin sashe na 4 na tsarin mulki ya ɗora jam'iyyar kan jagorancin ƙasa. Shugaban ƙasa kuwa ba jama'a ke zaɓensa ba. Majalisar Dokoki ce ke fitar da shi daga cikin 'ya'yanta, wa'adin shekara 5. Shi ke sanar da dokoki, shi ne babban kwamandan askarawa, shi ke gabatar da sunan firaminista, yana yin afuwa, yana ba da shaidar zama ɗan ƙasa, yana karɓar takardun jakadu.

Ho Chi Minh ne na farko, daga 1945 har rasuwarsa a 1969. Ton Duc Thang ya gaje shi, shi ne kuma shugaba lokacin da aka haɗe Biyetnam ta Arewa da ta Kudu a 1976. Tsarin mulkin 1980 ya soke kujerar ya miƙa aikin ga majalisar ƙoli, na 1992 ya dawo da ita. Sauye-sauyen da ka gani sun biyo bayan yaƙi da cin hanci ne: Nguyen Xuan Phuc ya sauka a Janairun 2023, Vo Van Thuong a Maris 2024, To Lam ya riƙe 'yan watanni, sai Luong Cuong ya hau a Oktoban 2024. Duk wannan ko aji ɗaya ba a rufe ba.

Abin da zai iya jawo maka matsala bakinka ne. Sukar shugabanni a Facebook yadda muka saba a gida, nan laifi ne. Sashe na 117 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin da ke kai shekara 20 kan farfaganda ga gwamnati, baƙo kuma ana iya soke masa biza. Ho Chi Minh musamman, wanda suke kira Bac Ho, wato Baffa Ho, ba a wasa da shi ko a raha. Hotonsa na kan kowace takardar kuɗi, kada ka yi rubutu a kai. In za ka ziyarci kabarinsa a dandalin Ba Dinh, ban da gajeren wando, ban da ɗaukar hoto a ciki.

A aji kuma ka lura, da sunan ƙarshe ake kiran mutum: Shugaba Cuong, ba Shugaba Luong ba.